Mata-Maza: A Bar Mai Jikin Ya Faɗi Sunansa

Da zarar ka wuce "sannu" da "ina kwana", Hausa ba za ta bar ka ka ƙara ko taku ɗaya ba sai ka nuna ko da namiji kake magana ko da mace. Ko dai "ka zo lafiya" ko "kin zo lafiya", ko "naka" ko "naki". Yawancinmu ba mu taɓa jin nauyin wannan ba, domin tun ranar da ungozoma ta ɗaga mu ta duba aka gama magana. Amma akwai bayin Allah a garin nan namu na Zariya, daga cikin ganuwa har Samaru, waɗanda ungozoma ta duba ta yi shiru. Su ne muke kira mata-maza, kuma da wuya mu faɗi kalmar ba tare da an rage murya ko an ƙunshe dariya ba.

Ra'ayina a kansu shi ne: idan Allah ya halicci mutum da jikin da ya rikita ungozoma da likita, to bayan likitoci sun yi bincikensu, malamai sun faɗi hukunci, maganar ƙarshe a kan sunan da zai amsa, da ko "kai" za a ce masa ko "ke", tasa ce. 'Yan unguwa ba su da ta cewa. Dangin uba ba su da ta cewa. Haka ma ƙungiyoyin da ke zuwa da sunaye daga ƙetare.

Ya kamata mu fara sanin su wane ne muke magana a kansu, domin rashin sanin ne ke haifar da yawancin zaluncin. Likitoci na ƙiyasta cewa a cikin haihuwa kusan 4,500 ana samun jariri 1 da al'aurarsa ba ta fito sarai ta namiji ko ta mace ba. Wanda ya san yawan haihuwar da ake yi a asibitocin Shika da Ƙofar Gayan da Wusasa, balle wadda ake yi a ɗaka, ya san ba mutum ɗaya ko biyu ake nufi ba. Kuma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa yana farawa ne daga wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, masu samar da sinadaran da ke daidaita gishiri da sukari a jiki. Idan suka samu tangarɗa, sai su riƙa zubo da sinadarin maza fiye da kima tun jaririya na ciki. A haife ta da mahaifarta da ƙwanta lafiya lau, amma daga waje a ga kamar namiji. Gadonsa ake yi daga uwa da uba a tare, su kuma ba su san suna ɗauke da shi ba, shi ya sa ya fi bayyana a inda auren zumunci ya yi yawa. Akwai kuma yarinyar da ƙwayoyin halittarta na maza ne, amma jikinta ba ya jin sinadarin mazan ko kaɗan. Sai ta tashi mace sosai, da ƙirjinta da muryarta, ba wanda ya san komai sai an ga haila ta ƙi zuwa, a je asibiti a tarar ba mahaifa. Sai na uku, wanda aka raɗa wa sunan mata aka huda wa kunne, amma da balaga ta zo murya ta buɗe, ƙirji ya faɗaɗa, jiki ya juye na namiji.

A cikin ukun nan wanne ne ya zaɓa? Wanne ne ya yi saɓo?

Nau'in farkon shi ya fi tayar mini da hankali, domin a nan ne tsoron suna ke kashe rai a zahiri. Da yawa daga cikin jariran nan jikinsu ba ya riƙe gishiri. A sati na biyu ko na uku sai a ga amai, da ƙin kama nono, da bushewa, idan ba a yi gaggawa ba jaririn ya tafi. Alhali akwai magani, ana sha kullum, yaro ya rayu ya girma. Me ke hana uwa ta ruga asibiti? Ta san idan maganar ta fita daga ɗakinta, kafin la'asar ta kai bakin rijiya, kishiya ta ji, dangin miji su ce daga wajensu ba a taɓa haifar irin wannan ba. Sai ta naɗe jaririn a zani, ta hana kowa yi masa wanka, ta ce wa masu barka barci yake yi. Ba na ganin laifinta. Laifin yana wuyanmu, mu da muka mayar da kalmar abin da uwa ke tsoro fiye da ciwon ɗanta.

Na san wani gida a cikin birni da aka jarrabce su da nau'i na uku. Yaron ya yi shekarunsa na ƙuruciya da ɗankwali, yana zama a layin 'yan mata a makarantar allo. Da jiki ya sauya, mahaifinsa ya yi abin da ya dace: ya kai shi asibiti, aka yi gwajin jini da hoton ciki, ya tuntuɓi malamai, aka zaunar da yaron aka tambaye shi, ya ce shi tun da can bai taɓa jin kansa mace ba. Aka sauya masa suna, ya koma sahun maza a masallaci. A nan ne ya kamata labarin ya ƙare. Amma samarin majalisar da ke bakin layinsu ba su yarda ba. Wata rana yake ce mini, "Malam, idan Kaka ta ce mini 'ke' ba na jin komai, na san baki ne ya saba, tana faɗa take cewa au. Su kuwa waɗannan sai sun bari na zo tsakiyar mutane sannan su ƙwala mini tsohon sunan." Daga ƙarshe barin garin ya yi, ya koma inda ba a san shi ba. Mahaifiyarsa tana da ɗa a raye, amma sai da dare yake zuwa gaishe ta.

Bambancin da ya yi tsakanin kakarsa da samarin nan shi ne gaba ɗayan maganar. Ba wanda ke neman a ɗaure tsohuwa don bakinta ya suɓuce. Abin da ake ƙi shi ne gangancin wanda ya san sunan da mutum yake so, ya ajiye shi, ya ɗauko wanda zai sosa masa miki.

Abin mamaki shi ne a Zariya ake wannan, garin da almajirai ke tahowa daga nesa don su zauna a zaurukan Unguwar Juma da Kona. Duk wanda ya yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala har Allah ya kai shi Muhtasar ya san da wace mas'ala Shehu Halilu ya rufe littafinsa. Da mas'alar hunsa ya rufe, wato mata-maza. Malamin nan na Masar, tun a ƙarni na 14, ya zauna ya tsara yadda za a raba masa gado: idan al'amarinsa ya rikice, a ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Sannan ya jero alamomin da ke warware rikicin, kamar ta inda fitsari ke fita, da fitowar gemu ko nono, da haila ko maniyyi, ya ce idan ɗaya ta bayyana to babu sauran rikici. Sauran littattafan fiƙihu sun yi maganar inda zai tsaya a sahu, da wanda zai yi masa wanka idan ya rasu. Babu ƙyama a cikin wannan duka. Mutum ne mai haƙƙi, aka zauna aka lissafa masa haƙƙinsa kamar kowa.

Akwai kuma wurin da ya fi wannan muhimmanci a wurina. Malaman Shafi'iyya, da wasu daga cikin Hanbaliyya, sun ce idan alamomin zahiri suka ƙi rarrabewa, a jira ya balaga a tambaye shi ina zuciyarsa ta karkata. Idan ya ce ga mata take karkata, namiji ne. Idan ya ce ga maza, mace ce. Kuma a karɓi maganarsa, domin abu ne da ba mai iya saninsa sai shi. Malaman da ba su ga na'urar hoton ciki ba, ba su san gwajin ƙwayoyin halitta ba, sun gane cewa akwai iyakar da ido ke tsayawa, daga nan sai a saurari mai jikin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zamaninmu ma, a 1989, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yi fatawar cewa halal ne a yi wa irin wannan mutum magani ko tiyata don a tabbatar da shi a ɓangaren da ya rinjaya a halittarsa. To wanda shari'a ta ba damar gyara jiki, wa zai hana shi gyara suna?

Sauya suna kuwa ba baƙon abu ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa sahabbai da dama, har da matansa: Nana Juwairiyya da Nana Zainab dukansu Barra ake kiransu a da. A Suratul Hujurati, aya ta 11, Allah ya hana mu jifan juna da miyagun laƙabobi, a cikin ayar da ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Ban ga inda aka ce ban da mata-maza ba.

Mu kanmu Hausawa mun fi kowa iya girmama sunan da mutum ya koma amsawa. Ranar da Mai Martaba Sarkin Zazzau ya naɗa wa mutum rawani, ko abokin wasansa ba ya ƙara kiran sunansa na yanka a bainar jama'a. Wanda ya sauka daga Makka ya zama Alhaji a ranar. Uwa tana ɓoye sunan ɗanta na fari har ta mutu, mata tana sakaya sunan miji, suruka ba a kama sunanta. Hajiya Gambo Sawaba, da asibitin Ƙofar Gayan ke ɗauke da sunanta, Hajaratu aka raɗa mata, Gambo don ta biyo tagwaye, Sawaba kuma a fagen gwagwarmayar jam'iyyar NEPU ta samo shi, kuma da shi duniya ta san ta. Al'ummar da ta ƙware haka wajen alkunya ba za ta ce sabon suna ɗaya ya gagari bakinta ba.

Na san abin da wasu ke shirin faɗa, kuma ba zan raina shi ba. Za su ce: yau ka ce a bar mata-maza ya zaɓi suna, gobe kowane ƙato ya tashi ya ce shi mace ce, kamar yadda muke gani a TikTok daga Amurka da Ingila. Tsoron nan gaskiya ne a zukatan iyaye. Amma wannan fatawar ta Makka da na ambata ita da kanta ta raba mas'alolin biyu, ta halatta ga wanda halittarsa ta rikice, ta hana ga wanda gaɓoɓinsa suka cika. Malamai sun iya rarrabewa. Mu ne a majalisa muka zuba komai a tukunya ɗaya, mata-maza da daudu da luwaɗi da maɗigo, har ta kai yarinyar da ba ta yi komai ba sai rashin haila ana kallonta kamar mai laifi. Ko dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, wadda ta haramta auren jinsi ɗaya, magana take a kan aure da ƙungiyoyi da ayyuka. Ba ta ce yadda aka haifi mutum laifi ne ba. Idan muna gudun wata ɓarna daga waje, ba jaririn da ke ɗakin maƙwabciyarmu ne zai biya ba.

Tunda an ambaci daudu, bari in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini rai. A garin Sarauniya Amina, idan aka ce "mace mai kamar maza" ko "kallabi tsakanin rawuna", kirari ne. Amma yaro ɗan shekara 8 da Allah ya yi wa sanyin murya, ko yake son zama kusa da uwarsa a madafi, kafin ya san ma'anar kalmar an riga an liƙa masa "ɗan daudu", kuma sau da yawa daga bakin yayyensa ake fara ji. Hadisin da ya la'anci namijin da ke kwaikwayon mata sananne ne, ba na jayayya da shi. Sai dai Imamu Nawawi da wasu malamai sun bambanta wanda ke yi da gangan da wanda haka halittarsa take, suka ce na biyun ba zargi a kansa. Kuma ko wanda kake ganin ya kauce, nasiha ce tsakaninka da shi. Ihu a bayansa a kasuwar Sabon Gari, ko tara yara su jefe shi, ko ɗaukar hotonsa a watsa a Facebook, babu malamin da ya karantar da wannan.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, wanda 'yan bokonmu ba su cika son ji ba. Turawa ma ba su gama daidaitawa a kan suna ba. Tsohon sunan da likitocinsu suka daɗe suna amfani da shi daga sunayen gumakan Girka biyu aka haɗa shi, masu lalurar suka ce cin mutunci ne. A 2005 ƙwararru suka taru a Chikago, a 2006 suka fitar da matsaya da sabon suna, wanda ke nufin tangarɗa a ginuwar jinsi. Nan take wasu masu lalurar suka ce su ba tangarɗa ba ne, a ce bambanci. Wasu suka ce su dai a bar musu sunan da ke nufin tsakanin jinsuna. Har yau ana ja. To idan wani ya halarci taron bita a otal a Abuja ya dawo Zariya da ɗaya daga cikin waɗannan, ya ce wa yarinyar Tudun Wada daga yau ga abin da take, kuma ta yi alfahari da shi, me ya raba shi da samarin majalisa? Shi ma raɗa mata ya yi bai tambaye ta ba. Niyyarsa ta fi tasu kyau, na yarda, amma ita ce za ta kwana da sunan.

Caster Semenya, 'yar tseren Afirka ta Kudu, tana da shekara 18 lokacin da ta ci tseren mita 800 na duniya a birnin Balin na Jamus a 2009, aka sa ta gwajin jinsi, jaridun duniya suka baje sirrin jikinta a faifai. Ta ci zinare a gasar Olamfik ta Riyo a 2016. Masu kare ta da masu sukarta duk sun ba ta suna, amma ita ta fito ta ce ta san abin da likitoci ke kiranta, sai dai ba ta kiran kanta da shi, ita mace ce. A Kenya kuma, ƙidayar 2019 ta buɗe gurbi na uku ga masu wannan halitta, mutum 1,524 kacal suka shiga a ƙasa mai mutane sama da miliyan 47. Tsoro na daga cikin dalili, ba shakka. Amma ina kyautata zaton da yawa sun ga gurbin sun wuce shi ne don sun riga sun san kansu, wannan namiji, waccan mace. Haka nake zaton zai kasance a nan. Mafi yawansu ba jinsi na uku suke nema ba. So suke a ce musu Malam wane ko Malama wance a wuce wurin. Wanda kuma ya ga kalmar mata-maza ba ta dame shi ba, har yana amfani da ita don ya wayar da kan jama'a, wannan ma haƙƙinsa ne, kuma jarumta ce. Abin da ba ya halatta shi ne ni in ɗauke ta daga bakinsa in manna wa wani.

Inda aka fi yin kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne satin farko. An sayi rago, an raba goro, an gaya wa liman da wanzami, kwana bakwai ba sa jira, sakamakon gwaji kuwa yana iya wuce haka. Sai uba ya zaɓa, kuma mun san ɓangaren da zuciyar yawancin iyaye maza ke karkata. Suna dai ana iya sauya shi. Abin da ba ya dawowa shi ne naman da aka yanke don jiki ya dace da sunan. Likitoci kansu sun rabu a kan tiyatar da ake yi wa jarirai don gyaran siffa kawai, har ƙasar Malta ta hana ta a 2015 sai yaro ya kai ya ba da yardarsa. Ni ina tare da masu cewa a yi duk abin da zai ceci rai ko ya buɗe hanyar fitsari ba tare da ɓata lokaci ba, a raini yaro a ɓangaren da bincike ya rinjayar, amma abin da zai iya jira a bar shi ya jira mai shi. A gida kuma ana iya kiransa da laƙabin da maza da mata ke amsawa, irin su Auta ko Kyauta, har al'amari ya bayyana. Babban da ka haɗu da shi ba ka tabbatar ba, harshenmu ya ba ka "ku" ta girmamawa. Yi amfani da ita har ka ji yadda yake kiran kansa, ba sai ka titsiye shi da tambaya ba.

Saura takardu. Wanda ya sauya suna a ƙasar nan sai ya yi rantsuwa a kotu, ya buga a jarida, sannan ya bi katin ɗan ƙasa da banki da sakamakon jarrabawa ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda zai gyara har da gurbin jinsi, kowane tebur wani sabon tonon asiri ne, a gaban layin mutane, wurin ma'aikacin da wataƙila bai taɓa jin irin wannan ba. Ya kamata takardar ƙwararren likita daga asibitin koyarwa ta wadatar, a kuma ware jami'i ɗaya da zai karɓe ta a cikin ofis a rufe. Wannan aikin gwamnati ne, kuma 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya za su iya ɗaukarsa.

Amma akwai wanda ba ya bukatar kasafin kuɗi. Limamin unguwa da ya yi addu'ar sunan farko, idan iyali suka yarda kuma mai sunan ya yarda, shi ya kamata ya faɗi na biyu. Bayan sallar asuba, a gaban mai unguwa da dattawa, ya ce ɗan gidan wane Allah ya jarrabce shi da lalura tun haihuwa, likitoci sun duba, shari'a ta yi hukunci, daga yau sunansa wane, kuma duk wanda ya kira shi da wani sunan don izgili ya saɓa wa aya. Samarin da ke bakin layi suna iya yi wa yaro shi kaɗai dariya, amma ban ga wanda zai yi ta bayan liman ya yi magana mahaifinsa na zaune a sahun gaba ba.